Mu da Sojojinmu: Gyara Kayanka Ba Ya Zama Sauke Mu Raba



Ranar 15 ga Janairu ta kowace shekara ita ce ranar tunawa da 'yan mazan jiya a Najeriya. An zaɓe ta ne saboda a irin wannan rana a 1970 aka kawo ƙarshen yaƙin basasa. Za a ajiye furanni a Abuja da Dandalin Tafawa Balewa na Legas da sauran manyan biranen jihohi, a saki tantabaru, a yi addu'o'i a masallatai da coci-coci. Mu kuma a majalisunmu, daga Agege da Mile 12 zuwa Sabon Ibadan, Shagamu, Anacha da Fatakwal, tsohuwar gardamar nan za ta sake tashi. Wani zai ce duk wanda ya soki sojoji alhali ana cikin yaƙi ba shi da kishin ƙasa, 'yan ta'adda yake yi wa aiki. Wani kuma zai ce mene ne abin girmamawa a rundunar da ta jefa wa masu Mauludi bam. Sai murya ta ɗaga, a tashi baram-baram, wani lokaci har gaisuwa ta yanke tsakanin mutanen da suka shekara ashirin suna cin tuwo a kwano ɗaya.

Mun ga ya dace mu faɗi matsayinmu a fili. Girmama sojan da ke bakin daga wajibi ne a kanmu, haka kuma tambayar shugabanni yadda suke tafiyar da yaƙin wajibi ne a kanmu. Wanda ya riƙe ɗaya ya saki ɗaya bai yi wa sojan adalci ba, bai kuma yi wa ƙasar ba.

Bari mu fara da sojan kansa. Aikin soja ba baƙo ba ne a wurin Bahaushen Kudu. Rundunar sojojin ƙasa ta Najeriya tana ƙirga tarihinta ne daga 1863, lokacin da wani Bature mai suna John Glover ya haɗa wata 'yar ƙaramar runduna ta mutum 18 a yankin Legas, wadda aka riƙa kira Hausawan Glover. A yaƙin duniya na biyu kakanninmu sun je har Burma, kuma da Hausa ake magana a barikokin wancan zamani. Ko yau, da wuya ka sami unguwar Hausawa a Kudu da babu gidan da ke da ɗa ko ƙane ko suruki cikin kaki. Saboda haka idan ana maganar soja, maganar gida ake yi.

Tun daga 2009 ake fafatawa da Boko Haram, ga kuma 'yan bindigar daji a Zamfara, Katsina, Sakkwato, Kaduna da Neja. Waɗanda suka kwanta dama a wannan yaƙi suna da sunaye. Laftanar Kanar Muhammad Abu Ali, kwamandan tankokin yaƙi da ya yi suna wajen ƙwato Baga a 2015, an kashe shi a Malam Fatori ranar 4 ga Nuwamba, 2016. Laftanar Kanar Ibrahim Sakaba ya rasu tare da dakarunsa a harin Metele na Nuwamban 2018. Birgediya Janar Dzarma Zirkusu ya rasu a Askira Uba a Nuwamban 2021, yana kan hanyar kai ɗauki. Babban hafsan sojojin ƙasa Laftanar Janar Ibrahim Attahiru da wasu mutum goma sun rasu a hatsarin jirgi a Kaduna ranar 21 ga Mayu, 2021, a bakin aiki. Waɗannan manya ne, shi ya sa aka san sunayensu. A bayan kowane ɗayansu akwai ƙananan sojoji masu yawa da babu wanda ya san su sai iyayensu da matansu da marayun da suka bari.

Mu da ke zaune a Kudu muna ganin wani abu da ɗan uwanmu na gida ba lallai ya gani ba. Yaron da ake kawo gawarsa daga Borno, sau da yawa ɗan maƙwabcinmu ne Bayarabe ko Ibo ko ɗan Kalaba. Ya bar garinsu ya je ya mutu yana tsaron ƙauyen da bai taɓa jin sunansa ba, ƙauyen da wataƙila can ne asalin wani daga cikinmu. Haka kuma ranar 14 ga Maris, 2024, a Okuama ta jihar Delta, an kashe sojoji 17, ciki har da kwamandansu Laftanar Kanar A. H. Ali, kuma a jerin sunayen akwai 'yan Arewa akwai 'yan Kudu. To idan ɗanmu ya hau waya ya yi wa sojojin da aka kashe dariya, ko ya rubuta cewa Allah ya ƙara, ya sani cewa uwar wani daga cikinsu tana iya kasancewa ita ce mai rumfar da ke kusa da tasa a kasuwa. Kuma ba za a ce wane ne ya faɗa ba, cewa za a yi Hausawa sun ce. Baki shi ke yanka wuya, a nan kuwa wuyan da zai yanka ba na mai maganar kaɗai ba ne.

Wannan ɓangare ɗaya ke nan. Ɗaya ɓangaren shi ne masu cewa a yi shiru har sai an gama yaƙi. Muna tambayarsu: yaƙin da ya haura shekara goma sha biyar, yaushe ne za a yi maganar? Kuma shirun nan, wa yake amfana?

Mu tuna abin da ya faru a 2014. A watan Mayu na shekarar, sojoji a barikin Maimalari da ke Maiduguri suka buɗe wa motar kwamandansu wuta bayan an kawo gawarwakin 'yan uwansu da aka yi wa kwanton ɓauna a hanyar dawowa daga yankin Chibok. A watan Agusta, matan sojoji suka tare ƙofar bariki a Maiduguri suna cewa ba za a kai mazajensu Gwoza ba da makamai ba. Kotun soja ta yanke wa sojoji 12 hukuncin kisa a watan Satumba, ta sake yanke wa wasu 54 a watan Disamba saboda sun ƙi fita yaƙi. Hujjarsu ita ce ba a ba su kayan aiki ba. A lokacin, duk wanda ya goyi bayan wannan koke ana kallonsa a matsayin mai karya wa dakaru gwiwa.

Me ya biyo baya? A watan Yulin 2015, babban hafsan tsaro mai barin gado, Alex Badeh, ya faɗa da bakinsa a jawabin bankwana cewa rundunar da ya jagoranta ba ta da kayan yaƙin da take buƙata. Kafin shekarar ta ƙare, aka kama tsohon mai bai wa shugaban ƙasa shawara kan tsaro, Sambo Dasuki, bisa zargin karkatar da dala biliyan 2.1 na sayen makamai, zargin da ya musanta. A watan Disamban 2015 rundunar soji ta sassauta hukuncin kisan sojoji 66 zuwa ɗaurin shekara goma. Ba muna wanke bore ba ne, domin rundunar da babu biyayya a cikinta ta zama gungun 'yan bindiga kawai. Amma idan ɓera da sata, daddawa ma da wari. Wanda ya tambayi inda kuɗin makamai suka shiga a 2014, shi da wanda ya ce a rufe baki, wane ne a cikinsu ya tsaya wa ƙaramin sojan da aka tura gaban maƙiya da harsashin da bai kai ya kawo ba?

A 2020 ma an ga irin wannan. Wani bidiyo ya fita na Manjo Janar Olusegun Adeniyi, kwamandan yaƙin Arewa maso Gabas a lokacin, yana bayyana irin ruwan wutar da dakarunsa ke sha da ƙarancin kayan aiki. Aka sauke shi daga muƙamin, daga baya kotun soja ta hukunta shi. Wani ƙaramin soja da ya yi bidiyo yana sukar shugabannin tsaro a shekarar, shi ma tsare shi aka yi. Wannan ya nuna mana abu ɗaya: soja ba shi da bakin kuka. Dokar aikinsa ta ɗaure masa harshe, kuma akwai hikima a hakan. To idan shi ba zai iya cewa alawus ɗinsa ya makale ba, ko an bar shi a daji shekara da shekaru ba a canza shi ba, ko motarsa ta mutu babu kayan gyara, wa zai faɗa masa in ba farar hula ba? Mun sha ganin tsofaffin sojoji sun shimfiɗa tabarmi a ƙofar ma'aikatar kuɗi a Abuja suna neman haƙƙinsu na ritaya. Wanda ya ga wannan ya kawar da kai, sannan ya zo ranar 15 ga Janairu ya maƙala alamar tunawa a ƙirji, girmamawarsa ta tsaya a riga.

Sai kuma batun da ya fi ci mana rai, wato fararen hula da ke mutuwa a hannun waɗanda aka tura su kare su. Ranar 17 ga Janairu, 2017, jirgin sojin sama ya jefa bam a sansanin 'yan gudun hijira na Rann a jihar Borno. Fiye da mutum ɗari suka mutu, ciki har da ma'aikatan agaji. Bayanin da hedikwatar tsaro ta bayar daga baya shi ne wurin bai fito a taswirar da aka yi aiki da ita ba. Daren 3 ga Disamba, 2023, jirgi maras matuƙi na sojojin ƙasa ya kai hari kan masu taron Mauludi a Tudun Biri, ƙaramar hukumar Igabi ta jihar Kaduna. Hukumar ba da agajin gaggawa ta ƙasa ta ce an binne mutum 85, wasu ƙungiyoyi sun ce adadin ya haura haka. Akasarinsu mata ne da yara.

Abin lura a Tudun Biri shi ne mutane ba su yi shiru ba. Malamai sun yi magana, sarakuna sun yi, 'yan jarida sun je har ƙauyen, matasa sun yi zanga-zanga. Rundunar ta amsa cewa ita ce. Babban hafsan sojojin ƙasa na lokacin, marigayi Laftanar Janar Taoreed Lagbaja, ya je garin da ƙafarsa ya nemi gafara. Mataimakin shugaban ƙasa Kashim Shettima ya je ya duba waɗanda suka jikkata. A watan Mayun 2024 hedikwatar tsaro ta sanar cewa jami'ai biyu za su fuskanci kotun soja. Wannan bai dawo da rai ko ɗaya ba, kuma bayan Tudun Biri an sake samun irin wannan kuskure a Silame ta jihar Sakkwato a Disamban 2024. Amma mu tambayi kanmu: zuwan da Janar Lagbaja ya yi ya ba da haƙuri, ya rage wa rundunar daraja ne ko ya ƙara mata? Mu a ganinmu ya ƙara mata. Da an ce kowa ya ja bakinsa don kada a karya wa sojoji gwiwa, da babu wanda zai je.

Akwai kuma dalilin yaƙi a cikin wannan. Irin yaƙin da ake yi da Boko Haram da 'yan bindiga ba a cin sa sai da bayanan mutanen gari. Manomi ne ya san hanyar da babura ke bi da dare, mai shayi ne ya san baƙon da ya zo ya sayi burodi mai yawa. Ƙauyen da aka kashe wa 'ya'ya aka kuma ce ya yi shiru, gobe ba zai kira soja ya ba shi labari ba. Ke nan wanda ya matsa a binciki kuskure, a biya diyya, a hukunta mai sakaci, yana gyara wa sojan da ke daji hanya ne.

Kundin tsarin mulkin 1999 ma bai ce a rufe baki ba. Sashe na 14 ya sanya tsaro da jin daɗin jama'a a matsayin babban dalilin kafa gwamnati. Sashe na 39 ya ba kowa 'yancin faɗin ra'ayi, na 40 ya ba da 'yancin taro cikin lumana, na 88 kuma ya ba majalisar dokoki ikon binciken yadda ake kashe kuɗin da ta ware. Kuɗin tsaro daga aljihun jama'a suke fitowa, har da harajin da ake karɓa a wurin mai sayar da shanu da mai tumatir da direban tirela. Wanda ya biya kuɗin abu yana da ikon tambayar inda aka kai shi.

Sai dai kundin nan, a sashe na 45, ya yarda a taƙaita waɗannan 'yanci saboda tsaron ƙasa, kuma mu ma mun yarda cewa suka tana da iyaka a lokacin yaƙi. Ranar 6 ga Janairu, 2019, sojoji sun mamaye ofisoshin jaridar Daily Trust a Maiduguri da Abuja saboda labarin da ta buga kan shirin ƙwato Baga. Rundunar ta ce labarin ya tona asirin aiki kuma zai jefa dakaru cikin haɗari. Fadar shugaban ƙasa ta umarci sojojin su janye daga ofisoshin. Darasi biyu ne a nan. Rufe gidan jarida da bindiga ba hanya ba ce a ƙasar da ke da kotuna. Amma damuwar da ke bayan abin gaskiya ce: bayanin inda dakaru za su bi gobe yana iya zama ajalin wani. Yau kowa ɗan jarida ne da wayarsa. Direbobinmu da fatakenmu suna bin hanyoyin Arewa dare da rana, suna ganin ayarin sojoji. Ɗaukar bidiyon ayarin nan a saka a Facebook ko TikTok tare da sunan wuri da lokaci ba ra'ayi ba ne, leƙen asiri ne kyauta ga maƙiya.

Haka nan abin da ya faru a zanga-zangar tsadar rayuwa ta watan Agustan 2024, inda wasu matasa a Kano da Kaduna suka ɗaga tutar Rasha, wasu na kiran sojoji su karɓi mulki. Kukan yunwa halal ne, amma tutar wata ƙasa ta ba hukuma hujjar mayar da zancen daga farashin abinci zuwa cin amanar ƙasa. A ɗaya hannun kuma, ranar 1 ga Nuwamba, 2024 duniya ta ga yara ƙanana da aka gurfanar a babbar kotun tarayya ta Abuja bisa wannan tuhuma, wasunsu suna faɗuwa saboda galabaita bayan wata uku a tsare. Hayaniyar jama'a ce ta sa shugaba Tinubu ya ba da umarnin a sake su cikin 'yan kwanaki. A nan ma mun ga duka biyun: rashin hankali wajen nuna fushi yana ɓata koke mai kyau, kuma maganar jama'a ce ke taka wa hukuma burki idan ta wuce gona da iri. Masu kiran juyin mulki kuwa su tambayi dattawanmu da suka rayu a ƙarƙashin dokokin soja ko a lokacin akwai wanda ya isa ya tambayi kuɗin makamai.

Saboda haka ga abin da muke roƙon 'yan uwa, musamman matasanmu.

Mu bambanta tsakanin ƙaramin soja da wanda ya tura shi. Yaron da ke tsaye a shingen bincike cikin rana ba shi ya rubuta kasafin kuɗi ba, ba shi ya ba da kwangilar makamai ba. Idan za mu yi tambaya, mu kai ta inda amsa take: ga shugaban ƙasa a matsayinsa na babban kwamandan askarawa, ga ministoci da hafsoshi, ga sanatoci da 'yan majalisar da muka zaɓa, na can gida da na nan inda muke zaune muke kaɗa ƙuri'a.

Kada mu yaɗa hotunan gawarwakin sojoji ko bidiyon da 'yan ta'adda suka ɗauka da kansu. Sun ɗauka ne don a yaɗa, wanda ya tura ya yi musu aikin da suke so. Akwai matan da suka fara sanin mutuwar mazajensu ta waya kafin hukuma ta sanar da su. Babu wanda zai so a yi wa 'yar uwarsa haka.

Kafin mu tura labarin cewa sojoji sun yi kaza a gari kaza, mu tabbatar. Ana yawan ɗauko tsohon bidiyo ko na wata ƙasa a liƙa masa sunan garinmu. Idan kuwa abin ya tabbata, mu faɗe shi da sunan wuri da rana, ba tare da zagi ko jingina laifin ga wata ƙabila ko addini ba. Wanda ya je Tudun Biri ya nemi gafara Bayarabe ne daga jihar Osun, wanda ya mutu a Malam Fatori ɗan jihar Kogi ne. Rundunar ta kowa ce, alherinta da kuskurenta.

Kada kuma kukanmu ya tsaya ga namu kaɗai. Bayan kisan sojoji a Okuama, garin ya zama kufai, mata da yara suka watse cikin daji. Idan mun yi kukan Tudun Biri muka yi shiru a kan waɗannan, maƙwabtanmu za su ce ƙabilanci ne ke magana a bakinmu, kuma za su yi gaskiya. Mun yi Allah wadai da waɗanda suka kashe sojojin nan 17, muna kuma cewa wanda bai ji ba bai gani ba kada a haɗa da shi.

Girmamawa kuma ta fito a aikace. A unguwanninmu da barikokin da ke kusa da mu akwai zawarawan sojoji da marayunsu, wasu suna ta zirga-zirgar neman haƙƙin mazajensu. Wanda ya san takarda ya taimaka musu da rubutu, mai hali ya ɗauki kuɗin makarantar yaro ɗaya, limamai su sa su cikin addu'a da rabon zakka idan sun cancanta. Wannan ya fi dogon rubutun yabo da ba ya sayen ko mudun gari.

A ƙarshe, ga 'yan uwanmu biyu da ke gardama a majalisa. Kai mai kare sojoji, ɗan uwanka da ke tambaya ba maƙiyin ƙasa ba ne, wataƙila ƙanensa na Sambisa, wataƙila kuma ƙauyensu ne aka jefa wa bam. Kai kuma mai suka, ka tuna cewa barcin da iyayenka suka samu jiya a gida, akwai wanda ya kwana a rami da bindiga don su same shi. Ku ci gaba da gardamarku, amma ku gaisa idan kun tashi.

Allah Ya jiƙan waɗanda suka rasu, sojoji da fararen hula. Allah Ya ba waɗanda ke bakin daga nasara, Ya dawo da su gida lafiya. Allah Ya ba shugabanninmu ikon jin gaskiya ko da ɗaci, Ya zaunar da ƙasarmu lafiya. Amin.

Sakatare, a madadin shugabannin ƙungiya.